Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

A farkon watan Satumban 2021 aka kashe layukan waya a Jihar Zamfara kaf, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, don a toshe wa ɓarayin daji baki da kunne. Wanda ya zauna Gusau a waɗannan makonni ba zai manta ba. Mutum ya biya kuɗin mota, ya bi ta Kwatarkwashi da Tsafe da 'Yankara har Funtuwa, ba ya ɗauke da hajar komai, so yake kawai ya ce wa wani nasa “muna nan lafiya”. Da aka kashe na Funtuwa ma, sai aka riƙa ƙara gaba. An yi rubuce-rubuce a kan asarar 'yan kasuwa da masu POS, kuma asara ce ta gaske. Ni dai waɗanda suka tsaya mini a rai su ne matan da mazajensu ke cikin dajin da bindiga a kafaɗa.

Ba a cika mako biyu da kashe layin ba aka kai hari sansanin jami'an tsaro na Mutumji, can yankin Ɗansadau, jaridu suka ce an rasa mutum 12. A yi tunanin mace a Kaduna ko Makurɗi ko Ibadan, tana tuƙa tuwo, rediyo ya ce Zamfara, ya ce sansanin soja, ya ce mutum goma sha biyu, bai faɗi suna ba. Ta ɗauko waya ta kira, shiru. Ta sake kira, shiru. Ba ta san a wane sansani yake ba, domin bai faɗa mata ba, ko kuwa shi ma ba a faɗa masa ba sai da mota ta tsaya. Ba ta da lambar wani ofishi da za ta nema. Mutum 12 aka rasa a daren, amma gidajen da aka kwana ido biyu sun fi haka nesa ba kusa ba.

Ƙasar nan ta iya shirya soja. Tun 1924 ake horar da kurata a Zariya, ana koya musu fareti da harbi da jure yunwa da rana. Gidan da sojan zai bari a baya kuwa, abin da ake ba shi kalma ɗaya ce: haƙuri. Ba na raina haƙuri, da shi aka riƙe aure da zumunci a ƙasar Hausa. Sai dai haƙurin da aka san ranar ƙarewarsa daban, wanda ba a sani ba daban. Mai azumi yana jure ƙishirwa ne domin ya san magariba na tafe. Matar sojan da aka tura Tsafe, sau da yawa, ba wanda ya gaya mata yaushe ce magaribarta.

Yaƙin Zamfara ya daɗe har sunayensa sun yi yawa. An yi Sharan Daji. A watan Yulin 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa kakin soja ya zo Ɗansadau ya ƙaddamar da Harbin Kunama. A 2018 sojan sama suka zo da Diran Mikiya, a shekarar ce kuma aka ba da umarnin turo jami'ai 1,000 jihar. Sai Hadarin Daji, sai Fansan Yamma a 2024. Birged ta 1 tana zaune a Gusau, ƙarƙashin Runduna ta 8 da ke Sakkwato. Duk sunan da aka raɗa, da Hausa aka raɗa shi, kuma kowane suna yana ɗauke da alƙawarin gaggawa: kunama harbi ɗaya take yi, mikiya dira ɗaya, hadari kuma ya zuba ya wuce. Ga shi shekara kusan goma ana abu ɗaya. Aikin da aka tsara kamar na 'yan makonni ya zama zama, kuma tsarin kula da iyali bai bi shi ya zama na zama ba.

Iyalan da wannan magana ta shafa kashi biyu ne, kuma mun fi ganin kashi ɗaya. Akwai na baƙin da aka turo mana, yaron Filato ko Oyo ko Kuros Riba da ke tsaye a shingen bincike a Wanzamai ko Magazu, yana leƙa but ɗin mota cikin zafin bazara. Nasa iyalin suna can wani bariki mai nisa. Ko ba komai suna da katanga, da maƙwabtan da ke cikin hali irin nasu. Kashi na biyu su ne namu: 'ya'yan Bunguɗu da Tsafe da ƙauyukan Gusau da suka shiga soja aka kai su Borno ko Yobe ko Neja. Matar irin wannan yaro galibi ba ta bariki. Tana gidan surukai, a garin da shi kansa ba a kwana da ido rufe. Mijinta yana gadin garin wasu, ita kuwa tana kasa kunne ko za ta ji ƙarar babura.

Wannan kashi na biyu suna da wani nauyi da ba a faɗa da ƙarfi. A garuruwan da infoma suka yi yawa, a san cewa gidan wane akwai soja ba abin alfahari ba ne kamar da. Hoton yaro cikin kaki da ake rataye wa a ɗakin tsohuwa, yanzu a ƙasan akwati yake. Idan ya sami fas ya zo gida, cikin farin kaya zai zo, ya shigo da magariba, kada a yi shela. Na taɓa zama a wani gida a yankin Bunguɗu, yaron gidan ya zo sallama zai koma bakin aiki. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. Ta ce, “To, ɗan nan, sai yaushe?” Ya ce, “Inna, ba su faɗa ba.” Ta ce, “Allah Ya tsare gabanka da bayanka.” Matarsa tana bayan labule da ciki wata bakwai, ba ta ce uffan ba, domin ba a magana gaban suruka. Wannan ita ce duk sallamar da aka yi. Ba a yi zancen asibiti ba, ba a yi zancen kuɗi ba, ba a yi zancen sunan abin da za a haifa ba.

Abin da ke ba ni mamaki, a jihar da ta riga kowa shelar Shari'a a 1999, shi ne yadda muka manta cewa Musulunci ya daɗe da yanke magana a kan wannan. Labarin Sayyidina Umar sananne ne a kowace makarantar zaure. Yana zagayen dare a Madina ya ji wata mata tana kukan kaɗaici, mijinta ya tafi yaƙi ya daɗe. Bai aika mata da wa'azin haƙuri ba. Ya je ya tambayi 'yarsa Hafsa, Uwar Muminai, iya tsawon lokacin da mace za ta iya jure rashin mijinta, sannan ya kafa doka a kan rundunoninsa cewa kada a riƙe mayaƙi ya wuce wa'adi. Ruwayoyi sun saɓa, wasu sun ce wata huɗu, wasu shida. Ko wanne aka ɗauka, a lura da abu biyu. Shugaban ƙasa ne ya ɗauki kukan mace ɗaya a matsayin matsalar mulki. Kuma da zai yanke hukunci, mace ya tambaya. Kafin wannan ma, a yaƙin Badar, an bar Sayyidina Usman a gida ya yi jinyar matarsa Ruƙayya, aka kuma ba shi rabonsa kamar wanda ya halarta. Hadisi ingantacce ya daidaita ladan wanda ya kula da iyalin mayaƙi a bayansa da ladan wanda ya fita. Malamanmu suna karanta waɗannan a babin jihadi, amma ban cika jin an ɗauko su a huɗubar Juma'a an ɗora a kan matar kofur da ke haya a Tudun Wada ba.

Rashin wa'adi ba gida kaɗai yake ci ba, har rundunar yake ci, kuma mun gani da idonmu. A watan Agustan 2014 matan sojoji a Barikin Giwa da ke Maiduguri suka fito da 'ya'yansu suka tare ƙofa, suka ƙona tayoyi, suka ce ba za a kai mazajensu Gwoza ba sai da makaman kirki. A watan Agustan 2018 kuma sojoji suka yi ta harbi sama a filin jirgin Maiduguri, suka ƙi yarda a kai su Marte, suna cewa sun shafe shekaru a fagen fama ba a sauya su ba. Ba na goyon bayan bore a cikin soja, domin rundunar da ba ta bin umarni ta zama haɗari ga kowa. Amma wanda ya ga hayaƙi ya kamata ya nemi inda wutar take. Mutumin da ya bar jariri a zanin goyo, aka ce masa yaron har ya shiga makarantar allo bai san fuskarsa ba, hankalinsa ba ya kan bakin bindiga.

Manyan hafsoshi za su ce sojojin ba su da yawa, fagagen kuwa sun yi yawa: Borno, Zamfara, Katsina, Neja, Filato, kudu maso gabas, yankin mai. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Ba za a ɗauke bataliya daga hanyar Gusau zuwa Funtuwa ba sai an sami wadda za ta maye gurbinta, in ba haka ba a kwana ɗaya hanyar ta rufe. To amma ƙasashen da suka fi mu sojoji ma sun shiga wannan matsi, kuma abin da suka yi yana da darasi. Amurka, da yaƙin Iraƙi ya yi zafi a 2007, ta tsawaita zaman sojanta na ƙasa zuwa wata 15. Ta faɗa a fili, kowace mata ta san lissafinta, kuma da aka ga ɓarnar da hakan ke yi wa gidaje aka mayar da shi wata 12 a 2008. Sojan Ingila a Afganistan wata shida ya riƙa yi, da hutun kusan mako biyu a tsakiya. Ban ce mu kwafi adadinsu ba, aljihunmu ba ɗaya ba ne. Ko wata 12 ne, ko 18, a rubuta shi a takardar turawa, a gaya wa mai gida da uwargida, idan kuma dole ta sa an ƙara, a fito a ce an ƙara da kaza saboda kaza. Faɗin rana ba ya cin ko kwabo. Abin da yake buƙata shi ne a ɗauki alƙawarin da aka yi wa ƙaramin soja da nauyin umarnin da aka ba shi.

Wannan na hukuma ne. Akwai kuma na mai tafiyar, kuma a nan zan yi magana da 'yan'uwana maza ba tare da kara ba.

Yawancinmu mun tashi da ganin cewa namiji ba ya buɗe wa mace cikinsa. Ba ta san albashinsa ba, ba ta san bashin da ake cire masa a banki ba, ba ta san wanda yake bi ba balle wanda ke binsa. A zaman lafiya wannan ɗabi'a tana wucewa ba a ji ba. Ga mai tafiya dajin Munhaye kuwa, ganganci ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan katin banki yana aljihunsa, shi kuma yana inda ba sabis, to gidan ya shiga azumin dole har sai ya hau tudu ya sami layi. Mun ga haka a 2021, mun sake gani a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace a hannun mutane. Bankuna suna da tsarin da mutum zai ba da umarni sau ɗaya, duk wata a cire kaza a tura wa wance, a cire kaza a tura wa Inna. Mai mata biyu ya raba tun daga can, kowace da asusunta, kada ya bar wa uwargida rabon amarya ko ya damƙa wa ƙaninsa cefanen matansa. Rigingimun da ke tashi bayan tafiyar soja, in aka bi salsalarsu, da yawa daga nan suke farawa: kuɗi ya biyo ta hannun da bai kamata ba, mace ta koma roƙon abin da yake haƙƙinta.

Sai izini. Wannan abu ne namu, ba za a same shi a littafin sojan Amurka ba. Mace mai tsoron Allah a ƙasar nan ba ta fita sai da yardar miji, kuma akwai matan da za su zauna da naƙuda ko da yaro mai zazzaɓi suna jiran waya ta shiga. A asibiti ma, idan aiki ya taso, sau da yawa sai an nemi namijin da zai sa hannu. Mai tafiya ya tara mahaifiyarsa da matarsa da wani dattijo, ya faɗa da bakinsa kowa ya ji: “Na ba ta izinin asibiti, dare ko rana, ita da yara. Na ba ta izinin gaisuwar iyayenta da ta'aziyya. Idan sa hannu ya taso, Yaya wane ne wakilina.” Ya faɗi sunan da yake so a raɗa wa abin da ke ciki, ya ajiye kuɗin rago. Idan yana da 'ya da ta isa aure, ya bayyana waliyyi. Idan garin ya tashi, ya faɗi inda za a nufa da yaran, Gusau gidan wane ko Funtuwa gidan wance, tun kafin ranar gudu. Duk wannan zaman rabin awa ne a tsakar gida. Abin da ke hana shi kunya ce, da kuma camfin cewa wanda ya yi irin wannan magana yana kiran ajalinsa.

Camfin nan ya fi ƙarfi a kan wasiyya, alhali addini cewa ya yi kada mai abin wasici ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Ga soja kuma akwai wata takarda da ta fi kowace hatsari idan aka manta da ita, wato gurbin da yake rubuta wanda za a nema idan ta Allah ta kasance. Yaro ya shiga soja yana ɗan shekara 20, ba mata ba ɗa, ya rubuta sunan wansa ko baffansa. Shekara goma ta wuce, ya yi aure, ya haifi huɗu, takardar tana nan yadda take. Ranar da aka rasa shi, hukuma sunan da ke rubuce za ta bi, da shi za a yi maganar kuɗin inshora da giratuti da sauran haƙƙoƙi. Idan Allah Ya sa mai sunan yana da tsoron Allah, shi ke nan. Idan ba shi da shi, mace tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta fita, kafin ta fito an gama. A Shari'a wannan suna ba ya mayar da mutum magajin dukiya shi kaɗai, amana ce ya karɓa ya kawo a raba yadda Allah Ya raba. Amma tsakanin abin da doka ta ce da abin da gwauruwa mai marayu huɗu za ta iya ƙwatowa akwai tafiya mai nisa. Ya kamata a ce babu sojan da zai hau motar zuwa fagen fama sai samanja ya ajiye masa wannan takarda a gaba ya ce duba, har yanzu haka kake so? Kuma matar ta san lambar aikin mijinta da sunan bataliyarsa, ta ajiye takardar aure da ta haihuwar yara a wuri ɗaya.

Mafi wuya shi ne wanda ba a ga gawarsa ba. Malaman Malikiyya sun yi dogon bayani a kan matar wanda ya ɓace, sun rarrabe hukuncin gwargwadon inda ya ɓace da yadda ya ɓace, kuma wanda aka fi sani shi ne jiran shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara gaban alƙali, sannan idda. A lura, daga ranar da ta kai ƙara. Matar da ba wanda ya gaya mata haka za ta iya shekara uku tana zaune, ba ita ga aure ba ita ga takaba, lissafinta bai ma fara ba. Alƙalan kotunan Shari'a na Gusau da limaman bariki ya kamata su zauna su fitar da bayani ɗaya mai sauƙi, da Hausa, wanda za a karanta wa mata.

Yadda labari ke isowa gida ma abin gyara ne. Sojojin Ingila, lokacin da suke Afganistan, suna da ƙa'ida: da zarar an rasa wani, sai a rufe wayoyi da intanet na sansanin gaba ɗaya har sai jami'i ya je ƙofar gidan mamacin ya faɗa da baki. A wurinmu sau nawa mace ta fara ganin gawar mijinta a Facebook ko a wani zauren WhatsApp, wani lokaci ma ɓarayin ne suka ɗauki hoton suna alfahari? Mu da muke turawa gaba muna cewa “a taya su da addu'a”, mu sani muna iya zama mu ne muka kai wa yarinya 'yar shekara 12 hoton mahaifinta. Ta ɗaya gefen kuma, iyali su ma sai an koya musu riƙe baki. “Baban su Abba yana Tsafe, jibi za su shiga daji” magana ce da ake yi a gidan biki ba da mugun nufi ba, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka nan masu kiran waya su ce maigida ya ji rauni, a turo kuɗin magani yanzu-yanzu. Matar da aka ba lamba ɗaya tabbatacciya ta ofishin bataliya, wadda ake ɗauka, ba za a yi mata wannan damfara ba, kuma ba za ta kwana goma tana kiran layin da aka kashe ba.

Ba daga sama za a ƙirƙiro masu wannan aiki ba, akwai su. Duk wanda ya san bariki ya san Magajiya, shugabar matan sojoji, muƙamin da sunansa na Hausa ya bi rundunar har barikokin Legas da Inugu, tun zamanin da Hausa ce harshen fareti. Ita ke sanin wadda ta haihu, da wadda tukunyarta ba ta hau wuta ba, da wadda ta fara magana ita kaɗai. Akwai ƙungiyar matan hafsoshi, NAOWA, da ta matan ƙananan sojoji, NASWA. Akwai limami, akwai fada da fasto, domin da yawa daga cikin masu tsaron hanyoyin Zamfara Kiristoci ne, kuma matansu kuka ɗaya suke yi da namu. Kasuwar mami da ke kowane bariki ma, asalinta matar wani soja ce, Mammy Ochefu, da ta fara sayar da abin sha na gero a barikin Inugu a 1959. Matan soja sun daɗe suna riƙe kansu da sana'a da adashi. Abin da ya rage shi ne a ɗauki aikin Magajiya a matsayin aiki, a ba ta jerin gidajen da mazansu suka tafi, da ɗan abin hannu, da ƙofar kwamanda a buɗe. Rabon shinkafa da atamfa ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, abu ne mai kyau, sai dai shekara kwana 365 ce.

Matar da ke Bunguɗu kuwa ba ta da Magajiya. Nan ne aikin ya dawo kanmu, mai unguwa da limami da maƙwabci. Kuma nan ne nake son gwamnatin jiha ta dubi nata. A ƙarshen Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, matasa sama da 2,600. Waɗannan ba su da bariki, ba su da tsohon tsarin fansho irin na soja, kuma ɓarayin sun san gidajensu da gonakinsu da sunayen iyayensu. Tafiyarsu ba ta da nisa a ƙafa, amma matar askar da ke kwana a bakin daji tana cikin fargabar da ta fi ta matar da ke Ibadan, domin ita ana iya biyo ta har ɗaki. Jihar da ta ɗauki yaro ta ba shi bindiga ta ɗauki nauyin sanin sunan matarsa da yawan 'ya'yansa, da abin da za a ba su idan bai dawo ba, a rubuce, tun yana raye ya gani.

Saura dawowa, wadda kowa ke ɗauka ita ce ƙarshen wahala. Kakanninmu da aka kwasa zuwa ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, sun dawo bayan shekaru, har yau sunayen wuraren da suka yi yaƙi suna kan barikoki: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, sai sunan rundunar Chindit a Zariya. An adana sunayen fagagen, amma halin da mutanen suka dawo da shi sai a bakin tsofaffi ake jinsa, wane ya dawo ba ya son hayaniya, wane ya dawo da zafin hannu. Yau ma haka ne. Mutum ya shekara biyu yana barci da takalmi a ƙafa, ya dawo gida yaro ya harba bindigar wasa ranar salla ya zabura ya faɗi ƙasa. Ba ya iya zama ya ba ƙofa baya. Yana tashi tsakar dare cikin gumi. Wasu su fake da ƙwaya ko kwalba. Mu kuma mu ce aljanun daji ne ya kwaso, a kai shi ruƙiyya. A yi addu'a, ba na hana wa, amma wannan ciwo ne da likitoci suka sani kuma yana da magani, kamar yadda raunin harsashi ke da shi a asibitin soja na 44 da ke Kaduna. A lokacin yaƙin Afganistan Ingila takan tsayar da sojojinta a tsibirin Kubrus na kwana ɗaya ko biyu kafin su isa gida, su huce, a yi musu bayanin abin da za su iya ji a jikinsu. Mu daga daji sai tasha, daga tasha sai tsakar gida.

Gidan ma ya canza a bayansa. Matar da ya bari ba ta san kuɗin makaranta ba, yanzu ita ke biya, ita ke rigima da mai gidan haya, ita ke yanke hukunci. Ya dawo yana neman kujerarsa, ita kuma ta saba da tsayuwa da ƙafarta, sai a fara “kin raina ni”. Ƙaramin yaro ya gan shi ya ruga bayan uwarsa yana kuka, domin baƙo ya gani, uban kuwa abin ya soke shi fiye da yadda zai iya faɗa. Da za a sami wanda zai zaunar da su biyun, shi a can kafin ya taso, ita a nan kafin ya iso, a ce musu wannan duk zai faru kuma yana wucewa, da an tsirar da aure da yawa. A ce masa kada ya karɓi ragamar gida a makon farko, ya zauna ya ga yadda ake yi. A ce mata idan ya yi shiru ba ita yake ƙi ba, idan kuwa ya fara duka ko ya kwana da wuƙa ƙarƙashin matashi, ga wanda za ta gaya wa, kuma faɗin ba tonon asiri ba ne. A ce wa dangi su rage zaryar “an dawo lafiya, me aka kawo mana”, su bar mutum ya yi barci.

Yaron nan na Bunguɗu ya dawo, alhamdu lillahi, da ƙafafunsa. 'Yar da aka haifa a bayansa, kakarta ce ta zaɓa mata suna, kuma sai da ya kwana huɗu a gida kafin ta yarda ya ɗauke ta. Fas ɗinsa na kwana 14 ne.